Amsa ga mai ciki na shida da aka ce ta jira maigida kafin ta je awo

Wata baiwar Allah daga wani ƙauye a bayan Darazo ta sa ƙanwarta ta rubuto min wannan: "Anti dan Allah a bani shawara. Cikina wata bakwai kuma shine na shida, duka biyar ɗin a ɗaki na haife su, na ƙarshen na zubar da jini har sai da na suma. Yanzu ƙafafuna da fuskata sun kumbura, kaina kullum sara yake, wani lokaci ina ganin kamar walƙiya a idona. Uwar mijina tace alamar tagwaye ne, kuma wai zuwa asibiti raki ne, yanka mutum kawai suka iya. Maigidan direban babbar mota ne yana Kudu, yace kar na fita sai ya dawo, kuma baya so namiji ya duba ni. In na tafi ba izininsa na yi saɓo?"

Toh ƙanwata, sannu da fama, Allah ya raba lafiya. Kafin mu je maganar izini da maganar surukarki bari na fara da wanda ba zai jira ba. Kumburin fuska da ciwon kai mai sara da wannan walƙiyar da kike gani, in suka haɗu a jikin mace mai ciki wata bakwai, mu a ɗakin haihuwa bama cewa ki dawo ranar awo, a take muke kwantar da ita mu ɗaura mata abin awon jini. Yau nake so ki je, yau ɗin nan da aka karanta miki saƙon nan, ko ƙaramin asibitin da yafi kusa da ku ne, a auna hawan jininki a gwada fitsarinki. Na fi shekara ashirin ina karɓar haihuwa a jihar nan, kuma wallahi ba tsorata ki nake ba, abin da kika lissafa ɗin nan sune 'yan aiken jijjiga, wacce wasu ke cewa taune-taune.

Kumburin ƙafa shi kaɗai ba abin tada hankali bane, yawancin masu ciki suna yi musamman da yamma ko lokacin zafi. Amma in ya hau fuska, zobe ya matse yatsa, kin tashi da safe idonki kamar kin kwana kina kuka, wannan wani abu ne daban. Akwai hawan jinin da ciki ne yake kawo shi, yana farawa bayan sati 20, asalinsa daga mabiyiya ne da bata kafu daidai ba a jikin mahaifa, sai jijiyoyin jinin uwa su tsuke, ƙoda ta fara zubo furotin a fitsari, shi yasa muke tsoma wannan 'yar takardar a fitsari mu ga ko ta canza kala. In awo ya nuna 140 bisa 90 ko sama, akwai matsala. In ya kai 160 bisa 110 kam gado za a baki, babu zancen komawa gida. Ciwon kan da walƙiyar na nufin abin ya fara taɓa ƙwaƙwalwa, wata kuma sai ta ji zafi a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙari ta dama tayi zaton olsa ce, alhali hanta ce ke kuka. Kuma ko da maganar surukarki ta tabbata tagwayen ne, toh ai cikin tagwaye ya ma fi kawo wannan ciwon, kinga hujjarta ta zama hujjar zuwa asibiti kenan.

Akwai wata da ba na mantawa. Ina dutin dare a wani asibiti da na taɓa aiki, wajen ƙarfe uku aka shigo da ita a keke napep, mata biyu sun riƙe ta, an cusa mata cokali a baki har haƙorinta ɗaya ya karye, jikinta duk warin tafarnuwa da hayaƙin turare saboda tun magriba ake fama wai iska ce ta taɓa ta dan ta fita zubar da shara da almuru. Kwana huɗu tana cewa kanta na ciwo ana bata farasitamol. Mijin yana tafiya, wayarsa a kashe, kuma babu wanda ya yarda ya ɗauki nauyin cewa a fita da ita, sai da wani kawunsa tsoho yace ku kaita in ya dawo ni zan amsa. Mun yi mata allurar magnesium, wacce ake sawa a jijiya sannan a yi a ɗuwawu biyu, mun sauke hawan jinin, uwar ta tashi. Jaririn kam tun kafin su iso ya riga ya koma. Abin da yafi ci min rai shine da ace ranar da kan ya fara ciwo aka auna ta, aikin minti biyu ne.

Ƙanwarki da ke karanta miki ta riƙe wannan: in Allah ya kiyaye jijjiga ta zo a gida, kar a sa cokali ko yatsa a baki, kar a ɗura ruwa ko rubutu tana cikin wannan halin dan zai iya wucewa huhu, a kwantar da ita ta gefen hagu a nemi mota. Addu'a a yi ta a cikin motar. Kuma kar wani mai kemis ya baki maganin hawan jini irin na tsofaffi, akwai waɗanda suke lalata ƙodar ɗan da ke ciki, mu akwai waɗanda muke bayarwa irin su Aldomet da nifedifin, shi ma sai an auna. Maganin ciwon na gaskiya shine a raba uwa da cikin in lokaci yayi, shi yasa wani lokacin likita zai ce a tayar da naƙuda kafin wata tara ya cika.

Na biyu, jinin da kika zubar har kika suma. Wannan kaɗai ya isa nace miki haihuwar ɗaki ta ƙare a wajenki. Kinsan robar siket, in sabuwa ce kika ja ta sai ta koma da ƙarfi, in ta sha wanki ta sha ja sai ta saki. Haka mahaifa take. Da zarar mabiyiya ta fita dole mahaifa ta dunƙule tayi tauri kamar ƙwallo a ƙasan cibiya, wannan dunƙulewar ce ke matse bakin jijiyoyin da suka buɗe, kuma jijiyoyin ba ƙanana bane, a ƙarshen ciki jinin da ke bi ta wajen yakan kai rabin lita ko fiye a minti ɗaya. Mahaifar da ta ɗauki ciki biyar shida tafi saurin yin kasala, wacce ta taɓa zubar da jini kuma tafi kusa da ta sake. Shi yasa wannan maganar ta ai ta saba, ai ba haihuwar fari bace, tana bani haushi sosai. Mu a wajen aiki bayan 'yar fari babu wacce muke sa wa ido kamar mai haihuwa ta biyar zuwa sama.

Rabin lita shine ledar fiyawata ɗaya. In jinin da mace ta zubar bayan haihuwa ya kai haka sunansa zubar jini mai haɗari, kuma yana iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu. A ɗaki wa yake aunawa? Zani ne ake ta canzawa ana turawa ƙarƙashin gado, tsofaffi na cewa bari ya fita ai mugun jini ne, dattin ciki ne. Babu wani mugun jini, nata ne da take rayuwa da shi. Mu ma kanmu a asibiti da ido muke kintata kuma ido yana ƙarya, sai da aka yi wani babban bincike a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya, aka fitar da sakamakon a 2023. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace jinin ya taru a ciki ana ganin lamba, in ya kai sai a haɗa mata komai lokaci ɗaya, murza mahaifa, allurar oksitosin mai sa mahaifa ta dunƙule, wata allurar tsayar da jini, ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa, maimakon a gwada ɗaya a zauna jira. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100. 'Yar Kano ce fa, mai lulluɓi irin namu, ki faɗa wa maigidan.

Tunda na ambaci oksitosin bari nayi wani gargaɗi. Ita wannan allurar bayan ɗa ya fito rahama ce. Kafin ya fito, a hannun ɗan kemis ko wata mai yawo da jaka tana cewa allurar naƙuda, ajali ce. Na ga mahaifar da ta fashe saboda ita, kuma mahaifa irin taki da tayi laushi ita ce tafi saurin fashewa. Haka jiƙe-jiƙen da ake bayarwa na saurin naƙuda ko na zubar da zaƙi, wasu suna matse mahaifa da ƙarfin da babu wanda ya san adadinsa. Ƙwayoyin miso guda uku na hana zubar jini da ake ba wasu mata su ajiye saboda ko haihuwa ta zo a gida, suma bayan ɗa ya fito ake sha, kuma sai an tabbatar babu na biyu a ciki.

Yanzu maganar saɓo. Ni ba malama bace, unguwarzoma ce, amma na zauna da malamai da yawa a kan wannan dan kullum ita muke karo da ita, kuma ban taɓa jin wanda yace mace ta zauna ta mutu tana jiran izini ba. Izinin miji haƙƙinsa ne a zaman yau da kullum, zuwa biki, zuwa suna, zuwa unguwa. Tsare rai kuma yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo dan ta kare, a Baƙara aya ta 195 an hana mu jefa kanmu cikin halaka, kuma duk ɗalibin fiƙihu ya san lalura tana halasta abin da aka hana. Annabi (SAW) yace a nemi magani, ya kuma ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan yayi tawakkali. Wasu sukan ce min ai wacce ta mutu wajen haihuwa tayi shahada. Gaskiya ne hadisi ya zo da haka, Allah ya basu wannan darajar. Amma ai wanda gini ya faɗo wa shi ma yana cikin wannan lissafin, kuma ban ga wanda ya ga katanga ta tsage da damina ya shimfiɗa tabarma a gindinta ba.

Amma dai ki kira shi. Ba dan ki roƙi ranki a hannunsa ba, dan zaman ku ya ɗore kuma dan yawancin mazan nan ba mugunta bace, basu san me ake ciki ba, yana can yana tunanin awo yawon mata ne da hira a benci. Kar kice masa ina so naje awo. Kice ance alamar jijjiga ce, ana iya rasa ni da abin da ke cikin. In wayar bata shiga ko ya tsaya ja, a samu wanda yake jin nauyinsa, wansa ko liman ko mai unguwa, amma kar rana ta faɗi kina ɗaki. In kin isa ki ba ma'aikaciyar wayar tayi masa bayani da kanta, ni na sha yi, sau da yawa wanda ya fara da faɗa shi yake ƙarewa da Sista dan Allah nawa zan turo.

Zancen namiji ya duba ki kuwa, a ƙananan asibitoci awo da karɓar haihuwa galibi mata ne ke yi, kuma ko a babba kina da damar cewa mace kike so in akwai, ko a bar wata taki ta tsaya. In abu ya kai tiyata kuma namiji ne kaɗai likitan da ke nan toh lalura ce. Nan ne nake ɗan yi wa mazanmu tsiya, kai baka yarda namiji ya taɓa matarka ba, kuma kai ne ka cire 'yarka daga aji uku na sakandare, toh daga sama likita macen zata faɗo? Ga kwalejin nas-nas da unguwarzoma a cikin Bauchi, ga ta kiwon lafiya a Ningi, kujerun suna nan. Tun zamanin Annabi akwai Rufaida da aka kafa wa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni.

Surukarki kuma kar ki yi faɗa da ita, ba zaki ci riba ba. Ita ta haifi nata a ɗaki ta tashi lafiya shi yasa take ganin raki ne, sa'o'inta da suka tafi wajen haihuwa basa nan balle su bada nasu labarin. Kuma tsakani da Allah tsoronta yana da tushe, mu ma'aikata muna da namu laifin. Akwai masu tsawa, akwai masu cewa lokacin da kike jin daɗin ai ban ji ihunki ba, akwai dogon lis na safar hannu da auduga da sabulu da ake miƙa wa mutum da tsakar dare. Ni kaina ina sabuwar aiki na taɓa daka wa wata yarinya tsawa dan ta ƙi buɗe ƙafa, ashe kunyar 'yar fari ce, uwarta ta hore ta kar a ji muryarta, bata sake dawowa asibitin ba kuma har yau abin yana damuna. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a tafi da Hajiyar, ace Inna ke zaki raka ni ke kika san komai. In ta zauna ta ga an auna, an sa mata abin jin bugun zuciyar jikanta a kunne, sau da yawa ita ke komawa tana tuna ranar awo.

Yanka kuma ba kowa ake yi wa ba, yawancin masu haihuwa a asibiti da kansu suke haihuwa. Wacce ake yi wa aiki ita ce wacce ɗa ya gicciye, ko kai yafi ƙugu, ko mabiyiya ta tare hanya, ko hawan jini ya ƙi sauka. In aka ƙi yi, kan ɗan yayi ta danne mafitsara a jikin ƙashi kwana biyu uku har naman wajen ya mutu, bayan 'yan kwanaki fitsari ya fara zuba ba tsayawa. Duk mai shakka yaje cibiyar yoyon fitsari ta tarayya da ke Ningi ya ga mata, guda uku ne irinta aka fara da su a ƙasar, da ta Babbar Ruga a Katsina da ta Abakaliki, kuma gyaran kyauta ne. Dokar da nake ba kowa ita ce kar rana ta fito wa mace sau biyu tana naƙuda, ke kam da ciwo ya fara ki kama hanya.

Na san kuɗi shine ƙashin bayan rabin gardamar nan ko ba a faɗa ba. A watan Nuwamba 2024 ministan lafiya Farfesa Ali Pate, ɗan Misau ne ma, ya sanar da cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta ta hannun hukumar inshorar lafiya ta ƙasa. Ba kowane asibiti ke cikin tsarin ba, dan haka ranar awo ki tambaya wanne ne mafi kusa da ku da ke ciki, ki kuma tambayi yadda ake rajistar masu ciki a hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta a 2020 mata kusan 82,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi lafiya, gwamnatin tarayya har yau bata taɓa kaiwa ba. Ranar zaɓe mu ma muna cika layi, amma a majalisar dattawa mai kujera 109 mata huɗu ne kacal suka samu shiga daga zaɓen 2023. In masu neman ƙuri'a sun zo da atamfa da taliya, a tambaye su wa ke kwana a asibitin garin da dare, kuma akwai wuta a ɗakin haihuwa ko da tocilan waya ake ɗinki.

Bayan kin sauka lafiya in sha Allah, akwai sauran aiki, dan wannan hawan jinin yana iya kawo jijjiga ko bayan haihuwa, har cikin satuttukan jego. Kunun kanwa a ajiye shi, kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki ta ƙara hawan jini. Wankan jego a yi da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe da ake fyaɗa wa mace da ganyen darbejiya har fata ta saɓule ba. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da suka fi yawan ciwon zuciyar masu jego a duniya, likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka alaƙanta shi da kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta, daga baya binciken Farfesa Kamilu Ƙaraye a Kano ya nuna rashin abinci mai kyau da ƙarancin wani sinadari selenium suna da hannu sosai. Ko ma wanne yafi laifi, maijegon da ke haki, bata iya kwanciya sai ta jingina, ƙafa na ƙara kumbura, ba sanyi bane ya shige ta, a kaita a duba zuciya. Maganar hutu kuma ku yi ta da maigidan kafin arba'in, shekara biyu ake so tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, wanda yayi daidai da shekara biyun shayarwa da ke cikin Baƙara, kuma a yanayinki likita zai iya baki shawarar da ta wuce haka, ki saurare shi.

In maigidan ya dawo, ko a waya ma, abu huɗu nake so ku gama da rana tsaka kowa na cikin hankalinsa. Ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da wani namiji babba cewa ko baya nan ko wayarsa a kashe ya yarda a fita da ke, har tiyata in ta kama, a san wanda zai sa hannu. A ware kuɗin da ba a taɓawa, ko akuya ɗaya ce a ce wannan ta haihuwa ce. A ajiye lambar direba biyu, ba ɗaya ba, shi da yake ɗan mota wannan ba zai masa wuya ba, in hanyarku tana yankewa da damina kuma ki koma wajen 'yan uwa a cikin gari tun wata tara bai kama ba. Sannan a san rukunin jininki a samu mutum biyu cikin dangi da aka gwada suka dace, dan neman leda biyu na jini da ƙarfe biyun dare ba ƙaramin tashin hankali bane.

Yau dai ki ɗauki mayafinki ku tafi da ƙanwarki, kice musu kai na ciwo kuma ina ganin walƙiya, kar ki tsaya bin layi, ki faɗa wa ta bakin ƙofa haka. In sun ce a wuce Darazo ko Bauchi a wuce. Ƙanwar ta turo min lambobi biyun da aka rubuta a katin da abin da fitsarin ya nuna.